Sawun Farce a Teburin Herminda

Arquímedes ne ya gano. Ba wayo ya yi ba, haushi ne.

Ranar Asabar ce, bayan an tashi daga kasuwar shanu, wajen ƙarfe huɗu na yamma. Kuɗin bijimai biyun da ya sayar da safe sun bar gabansa a zagaye ɗaya na kartar poka, sun koma gaban wani baƙo. Sai ya wawuri katin as ɗin da ya kashe shi zai yaga. Babban yatsansa ya ji wani abu a bayan katin. Ya tsaya. Ya kai shi bakin taga, ya karkata shi a rana.

"Herminda! Rufe ƙofa."

Aka baje katin duka a kan tebur. As huɗu, kowanne da ɗan tabon farce a kusurwa. Sarakuna huɗu, kowanne da nasa a gefe. Sauran arba'in da huɗun lafiya lau.

Ni ne mai rabo. Sunana Duberney, shekarata ashirin da ɗaya. Shekara uku ina raba kati a ɗakin baya na shagon Doña Herminda, kuma makullin akwatin katin a wuyana yake. Duk idon da ke ɗakin ya sauka a kan igiyar wuyan nan.

"Nawa ɗan birnin nan ya ba ka?" in ji Arquímedes. Ya shaƙo kwalar rigata. Numfashinsa warin nama da giya.

"Ban taɓa ganinsa ba sai yau."

"Ƙarya kake, ɗan iska. Yatsun nan sai na kakkarya su ɗaya bayan ɗaya."

Baƙon, Fabián, mai sayen shanu ne daga Bogotá. Ya cire tabarau yana gogewa.

Wanda ya shiga tsakani Baudilio ne, padrinona. Shi ya riƙe ni a coci ranar baftisma, shi ya koya mini rabon kati bayan mahaifina ya rasu, shi ya nema mini wannan aikin. Ya ɗora hannu a kafaɗar Arquímedes.

"Sassauta, abokina. Yaro ne, kowa ya taɓa kuskure. Ni zan biya masa kuɗin mota zuwa birnin Villavicencio, ya tafi ranar Litinin, a rufe maganar. Kar a kai shi ga 'yan sanda, uwarsa ba za ta ɗauka ba."

Na ji sanyi a raina, har na kusa gode masa. Sai da na fita na lura bai ce ban yi ba.

Doña Herminda ta miƙo hannu, na ciro makullin na ba ta. Ta tattara kuɗin da baƙon ya ci ta sa a akwati.

"Ba wanda zai bar garin nan da sunan ɓarawo daga gidana ba a bi sawu ba," in ji ta. "Gobe da yamma kowa ya dawo. Zan aika a kira Don Eutimio."

*

Kafin gari ya waye labari ya gama gari. A coci matar da ke zama kusa da mahaifiyata ta matsa. Mai sayar da biredi ya ƙirga canjina sau biyu, ya ajiye a kan tebur maimakon ya sa mini a hannu. Mahaifiyata ba ta tambaye ni ko na yi ba. Ta dai fito da jakar mahaifina ta kakkaɓe ƙura.

Don Eutimio ya iso a kan alfadarinsa ana fitowa daga coci. Tsoho ne siriri, kamar busasshiyar igiya. Shi ake kira idan an sace shanu. Ana cewa ya taɓa bin saniya kwana tara, ya tsallaka kogi biyu, ya same ta an sauya mata tambari.

Ya zauna a ɗakin baya, ya cire hula.

"Ni ban san karta ba, yaro."

"To me za ku bi, Baba?"

"Mutum shida suka zauna nan jiya. Kana nufin ba wanda ya taka ƙasa?"

Ya ɗauki katuna takwas ɗin ɗaya bayan ɗaya. Ya shafa, ya shinshina, ya kanne ido ɗaya.

"Yaushe aka buɗe wannan?"

"Wata biyu ke nan."

"Baƙon fa?"

"Juma'a ya zo garin."

"Datti ya zauna a cikin tabon. Wannan sawun ya daɗe." Ya ajiye. "Ba baƙon ya yi ba. Amma ba abin da zai hana a ce kai ka yi, ka sayar masa da sirrin. Kar ka yi murna. Koya mini wasan."

Na koya masa. Kowa na da kati biyu a hannu, ba mai gani sai shi. Biyar kuma a tsakiya, na kowa ne: uku tare, sai ɗaya, sai na ƙarshe. Duk lokacin da aka ajiye, ana zuba kuɗi. Ko ka bi, ko ka ƙara, ko ka zubar da katinka ka fita. Tagwaye sun fi kati ɗaiɗai, tagwaye biyu sun fi tagwaye ɗaya, 'yan uku sun fi su duka. As ne babba, sarki na bin sa.

"Wato kowa na tafiya ne yana kallon gaba, in ya ga rami ya tsaya," in ji shi. "Da ma saniya ce. Mu je."

*

Mun sami Arquímedes a bayan mahauta, yana yankar gasasshen maraƙi daga jikin sanda. Bai ce mu zauna ba.

"Don Eutimio, ku da girmanku kuna yawo da ɓarawo?"

"Ina yawo da alfadari ma, ban zama shi ba. Faɗa mini yadda aka yi."

Ya goge wuƙa a wando. "Sarki da bakwai ne a hannuna. Aka ajiye uku: sarki, tara, bakwai. Tagwaye biyu ke nan, ka gane? Na zuba peso dubu ɗari biyu. Baudilio ya ƙara, ya mai da shi ɗari shida. Ɗan birni ya bi. Sauran suka gudu. Ni ma na bi."

"Ba ka ji tsoron Baudilio ba?"

"Na ji ɗan ɗar. Tsohon nan ba ya sa kuɗi sai ya riƙe wani abu, har 'ya'yansa sun sani. Amma tagwaye biyu fa! Na huɗu ya zo, lamba biyu ce, ba ta amfani kowa. Na ce to, ko a mutu ko a yi rai, na tura duka. Miliyan uku da ɗoriya. Baudilio ya zubar. Na ce a raina na tsira. Sai wannan mai ido huɗun ya zauna yana zufa kamar jaki, ya bi ni. Da as biyu kacal! Ina gaba da shi, kowa ya gani. Sai ga as a ƙarshe." Ya nuna ni da wuƙar. "Wa zai sa miliyan uku a kan kati biyu da suka rage a cikin arba'in, in ba an raɗa masa ba?"

"Wawa zai iya," in ji Don Eutimio. "Kai ma ai ka sa."

"Ni da tagwaye biyu na sa!"

"To. Allah ya ba da ladan nama, ko da ba a ba mu ba."

*

Fabián na zaune a barandar masauki, jakarsa a ɗaure. Ya miƙe da ya gan mu.

"Ranka ya daɗe, ni dai a ba ni abin da na zo da shi in tafi. Ban zo neman rigima ba."

"Zauna, ɗana. Me ya sa ka bi?"

Ya yi ajiyar zuciya. "As biyu ne a hannuna, ba abin da ya fi su kafin a ajiye komai. Da dattijon nan ya ƙara kuɗi, gabana ya faɗi. Na ce ko ya sami 'yan uku. Na bi dai in ga na huɗu. Na riga na yanke: in mai hargagin ya tura kuma dattijon ya bi, zan zubar. Mutum biyu ba sa yin ƙarya tare. Sai dattijon ya zubar, ko sakan uku bai yi ba. Ya rage ni da mai hargagin. Tun azahar nake kallonsa, da sarki ɗaya ma tura duka yake. Na ce sarki ɗaya gare shi, as ɗina sun fi. Na yi kuskure, yana gaba da ni. Sa'a ce ta cece ni. Wallahi sa'a ce."

"Ina ka zauna?"

"Can ƙarshen tebur, ina fuskantar mai rabo."

Don Eutimio ya ciro as ɗin daga aljihu, ya riƙe shi a kife, ya ja da baya taku uku.

"Ina tabon?"

Fabián ya gyara tabarau, ya leƙo wuya. "Ina ganin ja ne katin."

"Shuɗi ne."

A hanya na ce, "Zai iya yin ƙarya, Baba."

"Zai iya. Amma ka ga kaurin gilashin? Wannan ko matarsa sai ta yi magana yake gane ta."

*

Padrinona na kwance a ragar lilo a ƙarƙashin mangwaro. Ya sa aka kawo mana baƙin kofi. Ya dube ni da tausayi, irin kallon da ake wa mara lafiya.

"Ka haɗa kayanka, ɗana? Na yi wa wani abokina magana a Villavicencio, yana da wurin wankin mota."

"Ban yi ba, Padrino."

"Na ji. Amma mutane sun riga sun ce. Bakin mutane ba a ɗinke shi."

"Baudilio," in ji Don Eutimio, "kai me ka riƙe?"

"Tarkace. Goma da takwas. Ina farautar jeri ne, ka san in lambobi biyar suka bi juna. Na ƙara don in tsorata su, ba su tsorata ba. Na huɗu bai kawo mini komai ba, Arquímedes ya tura duka, na ce a kai kasuwa. Dubu ɗari shida na yi asara. Ni ma an cuce ni, Eutimio."

"Ashe kana yin barazana da tarkace? An ce ba ka yi."

Ya yi dariya. "Tsufa ne. Wani lokaci jini kan motsa."

Na ji daɗin dariyar. Ita nake ji tun ina ƙarami. Da muka fito na ce, "Kun ga dai shi asara ya yi."

Don Eutimio ya ci gaba da tafiya. Yana kallon ƙasa, kamar kullum.

*

Doña Herminda na share shago. Shekara ashirin tana zagaya teburin nan da butar kofi, tana tsayawa a bayan kowa.

"Ke kina ganin katinsu," in ji shi.

"Ina gani."

"Jiya fa?"

Ta jingine tsintsiya. "Eutimio, abin da ya sa suke barina in tsaya a bayansu shi ne ban taɓa faɗa ba. Ko ga mijina, Allah ya ji ƙansa. Ranar da na faɗi katin mutum ɗaya, ranar teburin nan ya mutu. Da shi nake ciyar da gida."

"Ko da yaron nan zai tafi da sunan ɓarawo?"

Ta dube ni, ta kau da kai. "Abin da na gani bai nuna ɓarawo ba. Matsoraci kawai ya nuna. Tsoro kuwa ba laifi ba ne."

Ta ci gaba da shara. Wurin da ta riga ta share take sharewa.

*

Ƙarfe biyu muka koma ɗakin baya, mu biyu. Ya sa na zauna a kujerata.

"Raba kamar jiya. Kar ka yi tunani, bar hannunka ya yi."

Na raba wa kujeru shida da ba kowa. Na ajiye uku a tsakiya. Na zare na saman na tura shi gefe a kife, na ajiye sauran a gefen hagu na, na naɗe hannu.

"Wancan fa? Me ya yi maka ka jefar?"

"Ƙona shi ake yi, Baba. Haka doka take."

"Don me?"

"Don na saman ya daɗe a fili ana kallon bayansa. In yana da wata alama, an gani. Sai a jefar da shi, a ajiye na ƙarƙashinsa wanda ba a gani ba."

"Da kyau. Yanzu kuma me ake yi?"

"Yanzu za su zuba kuɗi."

"Su yi tunani, su yi zufa, su sha kofi."

"E."

"Da sun gama, wanne za ka ajiye?"

"Wannan na saman."

"Wannan da ke kallona tun ɗazu?"

Na dubi katin. Bayansa a fili yake, kowa na iya gani.

"Ni ban san karta ba," in ji shi a hankali. "Amma in za ka rufe garke, kafin dare ake rufewa ko bayan an kwashe shanu? Ka ƙona da wuri, yaro. Ka cire mayafin, ka bar amaryar a fili."

Shekara uku. Sau dubu nawa hannuna ya yi haka? Ban taɓa rabo a wani teburi ba, ban taɓa ganin wani ya raba ba. Mutanen garinmu kuwa katinsu suke kallo, ba hannun mai rabo ba.

Ya ɗora as mai tabo a saman, ya fara zagaya kujerun. Ya zauna a kowacce, ya sunkuya, ya ɗaga kai, ya tashi. A ta ƙarshe, wadda ke dab da hannuna na hagu, inda hasken taga ke zuwa a kwance, ya daɗe.

"Daga nan har jikana zai karanta shi. Kujerar wa ce?"

Ta padrinona ce. Na kau da kai daga kanta.

"Wa ya koya maka ƙonawa da wuri?"

"Ya ce yana rage ɓata lokaci."

"Wa?"

Na ce, "Ba hujja ba ce, Baba. Kujera ce kawai. Kuma asara ya yi."

"Kowa jiya inda kuɗi suka je yake kallo. Ni inda ƙafa ta ƙi zuwa nake kallo. Saniya na gudu za ta sha ruwa, sai ta ja birki a fili, ba rami ba ƙaya. Ta ga wani abu ne da kai ba ka gani ba."

*

Ƙarfe huɗu kowa ya hallara. Kowa ya zauna a kujerarsa ta jiya. Doña Herminda ta rufe ƙofa, ta tsaya a jikin bango da butarta.

Don Eutimio ya sa na raba. Na ajiye sarki, tara, bakwai. Na ƙona. Na naɗe hannu.

Fabián ya ɗago. "Tsaya. Yanzu kake ƙonawa? Ai sai an gama zuba kuɗi. Jiya hankalina na kan katina, ban lura ba. Ba inda ake haka."

"A nan haka ake yi," in ji Arquímedes. "Tun da yaron nan ya fara."

"Kafin shi fa?" in ji Don Eutimio.

Ba wanda ya tuna. Sai Doña Herminda ta ce, "Kafin shi mijina ne. Bayan an zuba yake ƙonawa."

Don Eutimio ya bayyana musu yadda ya bayyana mini, da 'yan kalmomi. Mai ganin tabon yana sanin wanda ya riƙe as da wanda ya riƙe sarki. Kuma saboda hannuna, yana sanin ko as ko sarki na tafe. Arquímedes ya fara miƙewa yana kallona.

"Zauna, sarkin gaggawa. Hannu daban, ido daban." Ya juya. "Baudilio, maimaita musu abin da ka riƙe."

"Goma da takwas. Na faɗa maka."

"Ka tabbata?"

"Zan manta katina ne? Eutimio, shanu ka sani. Bar mana wannan." Ya yi dariya, wasu suka taya shi. "Ku dai ku bar yaron ya tafi lafiya. Kuskuren rabo ne, ni na koya masa, na yarda, ban iya koyarwa ba. Amma abin da ya yi da shi bayan nan, tsakaninsa da Allah."

A nan ne na ji abin ya tsinke. Ba ihu, ba komai. Kamar igiyar da ta daɗe a rana.

Butar ta sauka a kan tebur da ƙarfi har kofi ya fantsama.

"Tara biyu," in ji Doña Herminda.

Kowa ya juyo gare ta.

"Tara biyu ne a hannunsa. Ina bayansa. Da tara a tsakiya, uku ke nan. Na ga ya zubar, na ce tsohon ya tsorata, na ji masa kunya na yi shiru." Ta juya ga Baudilio. "Shekara ashirin ban faɗi katin kowa ba. Kai ka sa ni, Baudilio. Allah ya isa tsakanina da kai."

Arquímedes ya fara ƙirgawa da yatsu, bakinsa a buɗe. "'Yan uku. Ya fi ni, ya fi ɗan birni. Ba abin da zai doke shi a lokacin sai sarki uku, kuma sarki ɗaya na hannuna. Wa ke zubar da 'yan uku don an ajiye lamba biyu? Ni ko gidana sai in sa!"

"Da aka ajiye ukun farko," in ji Don Eutimio, "ya duba na saman, ba tabo. As ba ta tafe. Ya ƙara kuɗi hankali kwance. Aka ajiye na huɗu, yaron ya ƙona, sai ga tabo a kusurwa yana kallonsa. Ga kuma tabo biyu irinsa a gaban baƙo. As uku sun fi tara uku, yaron ya koya mini da safe. Da ya bi ya yi asarar miliyan uku, da har ya mutu ba wanda zai zarge shi. Ya kasa. Nan ƙafarsa ta nutse."

"Maganar mace da ta makiyayi," in ji Baudilio. Amma bai ɗaga ido ba. Babban yatsansa na dama yana cikin tafin hannunsa, ya dunƙule shi, farcen a ɓoye.

"Buɗe hannun," in ji Arquímedes.

Bai buɗe ba. Arquímedes ya zagayo teburin, mutum biyu suka riƙe shi. Aka yi ta hayaniya, kowa na tuno Asabar ɗin da Baudilio ya bi shi da ƙaramin abu sai ga sarki, ko ya zubar da babban abu sai ga as. Kaɗan-kaɗan yake ci, bai taɓa tashi da kuɗin da za a yi magana ba.

Ni ban motsa ba. Tambaya ɗaya gare ni.

"Padrino. Ranar da kuka zaunar da ni a ƙarƙashin mangwaro kuka ce in riƙe katin haka. Kwana tara da binne babana. Tun ranar ne?"

Ya dube ni a karon farko tun da muka zauna. "Ka ci abinci shekara uku, ko ba ka ci ba?"

"Tun ranar ne?"

"Wa zai zargi maraya?" in ji shi. "Ban zaci za a taɓa ganewa ba. Da ka tafi Villavicencio, da na ci gaba da aika maka wani abu."

Doña Herminda ta buɗe ƙofa. "Fita. Kar ka sake taka mini shago, ko gishiri za ka saya."

*

Aka ba Fabián kuɗinsa, don sa'arsa ta gaskiya ce. Arquímedes ya zo gabana yana murza hula. Ya ce, "To, ai ka ga yadda abin ya yi kama," ya ajiye mini ƙunshin nama ya fita. Iyakar haƙurin da ya iya bayarwa ke nan.

Doña Herminda ta ce in zo Asabar, in akwai wanda zai yarda ta tsaya a bayansa kuma. Don Eutimio ya ƙi karɓar komai sai kofi. Da zai hau alfadari ya ce, "Sunanka ya dawo, yaro. Sauran kuma ba aikina ba ne."

Hanyar gidanmu ta gaban gidan Baudilio take bi, ba wata. Yana tsaye a bakin shinge, ba hula. A garinmu ɗa ba ya wuce padrinonsa bai nemi albarka ba, ko da sun yi faɗa da safe, ko da a gaban alƙali ne. Ka ce, "A sa mini albarka," ya ce, "Allah ya yi maka." Maƙwabta sun fito ƙofar gidajensu.

Na ga ya ɗan ɗaga hannun dama, yana jira.

Na wuce.